Yadda fiyano ke haɗa sauti da wutar lantarki

A gidajen biki na Garwa da Marwa, yau mutum ɗaya da fiyano yana fitar da kiɗan kalangu da ganga da algaita. Ta yaya?

Sauti girgizar iska ce. Idan ta girgiza sau 440 a daƙiƙa, kunne zai ji muryar da ake kira "La" a makaranta. Na'urar sintesaiza, uwar fiyanon zamani, tana ƙirƙirar wannan girgiza da lantarki a matakai uku. Na farko yana haifar da ɗanyen sauti. Na biyu yana tace kaifinsa, kamar yadda rariya ke tankaɗe gari. Na uku yana tsara tashinsa da mutuwarsa: na ganga ya fashe ya ɓace nan take, na algaita ya daɗe gwargwadon numfashi.

Robert Moog ya fito da tasa a Amurka a 1964. Francis Bebey, ɗan Duwala, ya yi kiɗa da ita tun shekarun 1970.

Galibin fiyanon yau kuwa muryar kayan kiɗa da aka naɗa suke maimaitawa. A nan gizo ke saƙa. Mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata, muryar ta hau ta sauka daidai da karin Hausa, har ta yi kirari. Maɓallin fiyano murya ɗaya tak yake bayarwa. Saurayin da ke son fiyanonsa ya yi magana, sai ya fara zama gaban tsohon makaɗi ya saurara.