Mabuɗi Ɗaya, Ƙofa Biyu: Tantance Masu Shiga Ma'ajiyar Manhaja

Sanin kowa ne cewa babbar manhajar kwamfuta ba aikin mutum ɗaya ba ce. Marubutanta sukan tara aikinsu a ma'ajiya guda, wadda ke adana kowane gyara, da sunan mai gyaran, da ranar da ya yi shi. Subversion, wadda aka soma ginawa a shekarar 2000, tana daga cikin manhajojin da ke kula da irin wannan ma'ajiya. A ɗaya gefen kuma akwai manhajar tafiyar da aiki, kamar Redmine, wadda Jean-Philippe Lang ya fitar a 2006, inda ake raba ayyuka, a kuma rubuta matsayin kowane ma'aikaci.

To, matsalar ita ce kowace da ƙofarta, kowace da rajistarta. Sau da yawa akan ɗora tsaron ƙofar ma'ajiya a kan sabar Apache, ita kuwa tana riƙe da nata jerin sunaye da kalmomin sirri. Idan ma'aikaci ya bar aiki, sai a rufe sunansa a Redmine, a mance da ɗaya jerin. Wato ya tafi ke nan da mabuɗi a aljihu.

Maganin wannan shi ne a mai da rajistar guda ɗaya. Redmine tana zuwa da wata ƙaramar manhaja, Redmine.pm, wadda aka rubuta da harshen Perl don Apache ta yi aiki da ita. Idan mutum ya nemi shiga, sabar takan amsa masa da lamba 401, ma'ana ya faɗi ko shi wane ne. Da ya ba da suna da kalmar sirri, sai a gwada su da abin da ke rajistar Redmine. Daga nan sai a duba abu uku: ba a rufe sunansa ba? Yana cikin masu wannan aiki? Matsayinsa na mai karatu ne kawai, ko har da gyara?

Sai dai akwai abin lura. Mabuɗin da ke buɗe ƙofa biyu, in aka sace shi, asarar biyu ce. Bugu da ƙari, wannan hanya ba ta ɓoye kalmar sirri yayin aika ta, sauya mata kama kurum take yi, kowa na iya warwarewa. Saboda haka wajibi ne a bi da ita ta rufaffiyar hanyar HTTPS.

Idan an kiyaye wannan, ranar da aka sallami ma'aikaci, rufe sunansa sau ɗaya ya wadatar.