Tsara Rajistar Mutum-mutumin Birnin Landan

Abin da ake nufi da mutum-mutumi a nan shi ne siffar mutum ko dabba wadda aka sassaƙa da dutse, ko aka zuba da tagulla, aka kafa a fili don tunawa. Mai wucewa yakan zaci irin wannan siffa ba ta motsi. Amma tarihin Landan, babban birnin Ingila, ya nuna cewa siffa takan yi ƙaura, takan kuma sake mai riƙo, saboda haka rajistar da ba ta bi sawunta ba, ba ta cika ba.

Misali, siffar Sarki Charles na Ɗaya bisa doki, wadda Hubert Le Sueur ya zuba a 1633. Bayan yaƙin basasa aka sayar wa wani maƙeri ita don ya narke, shi kuwa ya ɓoye ta har sarauta ta komo a 1660. Sai a 1675 aka kafa ta a Charing Cross. Haka kuma siffar Janar Gordon, wanda aka kashe a Khartum a 1885: an kafa ta a dandalin Trafalgar a 1888, aka ɗauke ta a 1943, sa'an nan aka sake kafa ta a bakin kogin Thames a 1953.

Wahala ta biyu ita ce yawan masu riƙo. Dokar 1854 ta danƙa waɗansu siffofi a hannun hukumar ayyuka ta gwamnati, amma da yawa suna hannun hukumomin unguwanni 32, da tsohon birni, da masu kula da gandayen sarki, da kamfanoni. Kowa da littafinsa.

Don haɗa wannan ilmi wuri guda, ƙungiyar Public Monuments and Sculpture Association, wadda aka kafa a 1991, ta shiga ƙidaya yanki yanki. Philip Ward-Jackson ya fitar da kundin tsohon birni a 2003, da na Westminster a 2011. Abubuwan da akan rubuta su ne sunan gwanin da ya yi aikin, da abin da aka yi shi da shi, da girmansa, da rubutun da ke jikin dakalinsa, da wanda ya biya kuɗi, da ranar buɗewa, da wuraren da ya taɓa tsayawa.

Amfanin wannan aiki bai tsaya ga gyara da tsaro ba. Da ƙungiyar Art UK ta ƙidaya siffofin Landan a 2021, sai ya bayyana cewa na dabbobi sun fi na matan da aka ambata da sunansu yawa. Watau rajista ita ke nuna wa birni waɗanda ya zaɓa ya tuna, da waɗanda ya bari a baya.