In'ina da Shiga Cikin Hira

Bahaushe yana auna mutum da bakinsa. Wanda bai cika gaisuwa ba, ko ya zauna majalisa bai tanka ba, akan ce yana da girman kai ko nauyin baki. Sau da yawa kuwa in'ina ce ta ɗaure shi.

In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 da 5. Wajen kashi 5 cikin 100 na yara sukan yi ta, yawancinsu kuma su bari da kansu. Cikin manya saura wajen kashi 1 ne, maza sun ninka mata kamar sau 4. Tana bin jini. A da ana yawan ɗora laifin a kan iyaye. Binciken da aka buga a 2010 a kan wasu dangi a Pakistan ya nuna hannun ƙwayoyin gado a ciki.

Mai in'ina ya san kalmar da zai faɗa. Lokaci ne ba ya samu. Gaisuwar Hausa tana tafe ne da sauri: ana “Ina kwana?”, kafin a rufe baki “Ina gajiya?” ta biyo. A wurin hira kuwa, wanda ya yi jinkiri kaɗan wani ya karɓe zancen, ko ya ƙarasa masa kalmar don tausayi, abin da ya fi ba'a ciwo. A hankali sai ya koma “to” da “haka ne”, daga nan ya daina zuwa.

Wajibi ne mai rubuta magana daga rakoda ya bambanta in'ina da nanatawar da nahawu ya yarda da ita. “Kakkama” da “bubbuga” suna nuna aiki ya yawaita, gaɓar farko tana da shadda. “Ka-ka-kama” ba ta ƙara ma'ana ba.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci akwai wani tarko. In'ina takan ɓace idan ana waƙa ko ana karatu baki ɗaya, kamar yadda ake yi a makarantar allo. Malami ba zai gane ba sai ranar da ya ce wa mutum ya tashi ya karanta shi kaɗai, sa'an nan ya zaci bai iya ba, alhali ya iya. Gwaji da alli, da karatun mutum biyu tare, sun fi nuna gaskiyar abin da ya koya.