Robar kalifa: ƙaramin zoben da birkin babur ya dogara a kansa

Duk mai hawa babur a Tamale ko Kumasi ko lungunan Nima da Mamobi ya san wannan matsalar: ka matsa birkin gaba ka sake, amma taya ta ƙi sakewa. Babur ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara, mai yana ta ƙonewa, farantin birki ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Idan aka kai wa fita, sau da yawa amsar ɗaya ce: kalifa ta mutu, sai a sayi sabuwa.

Na daɗe ina zama a rumfunan masu gyaran babur ina kallon aikinsu. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kalifar da ake jefarwa ba ta mutu ba. Ƙarfenta lafiya lau. Abin da ya gaji zoben roba ne guda biyu, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na sabuwar kalifa ba. Sai dai samun na ƙwarai da sa su yadda ya kamata, nan ne gizo ke saƙa.

Aikin da robar ke yi

Kalifa ita ce ƙarfen nan da ya rungumi farantin birki a babur mai birkin faranti. A cikinta akwai fistin, ɗaya ko biyu a ƙananan babura. Idan ka matsa hannun birki, man birki ya bi tiyo ya turo fistin, fistin ya danna fad a jikin faranti.

To me ke mayar da fistin baya idan ka sake? Mutane da yawa suna zaton akwai sifirin a ciki. Babu. Robar ciki ce ke wannan aikin. Ba mulmulalliya ba ce kamar zoben famfo, gefenta mai kusurwa huɗu ne. Idan fistin ya fito sai ta ɗan lanƙwashe ta bi shi, idan aka sake birki ta koma yadda take ta janyo shi baya kaɗan, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Wannan ɗan jan shi ke raba fad da faranti. Roba ta biyu, ta bakin rami, aikinta tare ƙura da ruwa.

A nan ƙasar robar waje tana shan wahala. Ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina, ga ruwan matsi da ake fesa wa babur a wurin wanki. Da zarar ruwa ya shiga bayan robar, sai wani farin gari ya taru a cikin kwarmin da take zaune, wato tsatsar alminiyam. Garin ya turo robar, robar ta shaƙe fistin. Shi ke nan birki ya fara riƙewa.

Yadda gyara na gari yake

Fita mai sanin aikinsa ba ya cafke fistin da filaya ya murɗo shi, domin ƙarzuwa ɗaya a jikinsa ta isa ta yanke sabuwar roba. Tun tiyo na haɗe yake matsa hannun birki a hankali har fistin ya kusa fitowa. Idan da iskar kwampireso zai fitar, sai ya sa ɗan katako a gaba ya janye yatsunsa, don fistin kan fito da ƙarfi kamar harsashi.

Bayan an cire tsofaffin robobi, sai a kankare kwarmin da tsinken katako ko na roba har farin garin ya fita tas. Wannan ne aikin da masu gaggawa ke tsallakewa, shi ya sa za ka ga an sa sabuwar roba amma bayan mako biyu birki ya koma riƙewa. Sai a duba fistin a cikin haske. Datti yana goguwa. Amma idan tsatsa ta huda ramuka a wurin da roba ke shafa, ba samfefar da za ta gyara shi, sai dai a canza.

Abin da nake roƙon kowane mai babur ya tsaya ya gani da idonsa shi ne abin da ake wanki da shi. A rumfuna da yawa kwanon fetur ko kananzir ne a ajiye, komai a ciki ake tsomawa. Robar birki kuwa irin wadda ake kira EPDM ce. Tana jure man birki, amma ba ta ga maciji da fetur da kananzir da baƙin mai da giris na yau da kullum. Da sun taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. Da man birki mai tsabta ake jiƙa sabuwar roba da fistin kafin a mayar, kuma da yatsa ake tura fistin, ba da guduma ba. Sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, giris na silikon ake shafa musu. A canza wasoshin jan ƙarfe biyu na bakin tiyo, sannan a fitar da iska har hannun birki ya yi tauri.

Shiga kasuwa

Kada ka je kasuwa da sunan babur kaɗai. Kamfanonin babur galibi ba su ke ƙera kalifa ba. Duba jikinta, wataƙila ka ga an rubuta Nissin ko Tokico, ko ByBre a wasu baburan Indiya. Baburan Sin da suka cika titunanmu kuwa, suna ɗaya na iya zuwa da kalifa iri biyu ko uku. Don haka ka riƙe tsohuwar roba da fistin a aljihu, a auna faɗin fistin da ma'aunin milimita a gabanka. Bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa mai ya riƙa tsiyaya.

A manyan kasuwannin kayan gyara irin su Abossey Okai a Accra da Suame Magazine a Kumasi, za ka iya faɗawa hannun mai sayar da zoben roba na injuna. Zai zaro wanda ya yi daidai da naka ya ce, “Alhaji, ai duk ɗaya ne.” Ba ɗaya ba ne. Yawancin zoben injuna mulmulallu ne, ba za su janyo fistin baya ba, kuma an yi su ne don man inji, man birki yana lalata su. Ido ba ya rarrabewa, domin duka baƙaƙe ne. Idan kana shakka, ka sayi guda ɗaya na ƙari ka jefa a fetur ya kwana. Robar birki ta gaskiya za ta kumbura sosai, ta injuna ba za ta canza ba. Wadda aka gwada ɗin sai shara.

Mafi alheri shi ne ka nemi cikakken saiti a ledarsa mai lamba, daga dilan baburinka. Kalifar hannu ta biyu ma tana da amfani, amma ka sani ƙarfe ka saya, robar cikinta ta tsufa. Idan saiti bai samu ba, ko ramin fistin ya ci, to a nan ne sayen sabuwa ya zama dole.

Man birki ma yana tsufa

Man birki yana shan danshi daga iska. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Idan ya tafasa a gangara, hannun birki sai ya tafi har ƙarshe ba tare da ya kama ba. Ruwan nan kuma shi ke cin fistin daga ciki. Littattafan baburan Yamaha suna cewa a canza man birki da robobin duk shekara 2, tiyo kuma duk shekara 4. A duba murfin tankin mai a ga irin da aka rubuta, a guji na kwalbar da ta daɗe a buɗe, kuma kada a gauraya DOT 5 da sauran.

Ga 'yan'uwana masu gyara, wannan aiki amana ne. Baburin da ke gabanka da safe, shi zai ɗauki yara biyu zuwa makarantar allo da yamma. Masta ya koya wa yaransa cewa kalifa ba ta shiga kwanon fetur. Mai babur kuma ya daina cewa a yi sauri a lallaɓa. Ka ɗaga tayar gaba, ka matsa birki ka sake, ka juya ta da hannu. Idan ta juya sakayau, kuma babu danshin mai a jikin kalifa, sai ka biya ka hau. Allah Ya kiyaye hanya.