Abincin Hantsi: Kalaci Ɗaya A Madadin Biyu

Duk wanda ya bi ta bayan ofisoshin gwamnati a Kano ko Kaduna da misalin ƙarfe 11 na safe zai tarar da rumfunan masu sayar da abinci sun cika maƙil. Ga akawu, ga masinja, ga direba a benci guda, kowa ya naɗe hannun riga. Lokacin karin kumallo ya wuce, na abincin rana kuwa bai yi ba. Wannan shi ne abincin hantsi.

Turawa ma suna da irinsa. A cikin 1895 wani marubuci mutumin Ingila, Guy Beringer, ya ba da shawara a haɗa karin kumallo da abincin rana a ran Lahadi, domin waɗanda suka raba dare wajen shagali ran Asabar su sami damar ramuwar barci. Al'adar nan da suke kira "brunch" ta bazu har Amurka, inda ake cika gidajen abinci ana ci ana hira ba gaggawa. Nasu dai na hutu ne.

Namu kuwa na lissafi ne. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Ko da yake a watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, kasuwa ta riga ta yi gaba. To, ƙaramin ma'aikaci ya lura cewa in ya karya da ƙarfe 7, kafin azahar yunwa ta dawo. In kuwa ya daure har hantsi, kwano ɗaya zai kai shi magariba. Ɗaliban jami'a sun daɗe da sanin wannan dabara, su ne ma suka raɗa mata suna "0-1-1", wato a tsallake na safe.

Saboda haka ba daɗi ake nema a rumfar ba, nauyi ake nema. Shayi da burodi ba su riƙe ciki. Abin da ke tafiya shi ne garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, sai waina da miyar taushe, da gurasa a wajen Kanawa. Amma sarkinsu duka ɗanwake ne. Garin wake da na rogo da kuka da kanwa, in suka sauka ciki aka bi su da ruwa, sai su zauna daram, har ma su kan jawo gyangyaɗi a kan tebur, abin da shugabannin ofis ba su jahilta ba.

Mai abincin ita ma tana da nata lissafin, wato littafin bashi da ke jiran ƙarshen wata. "Hajiya, a rubuta," in ji mai ci. Ita kuma ta ce, "Malam, na watan jiya fa?" Ta faɗa, amma ta rubuta, don in ta hana shi rumfar maƙwabciya zai koma.

Akwai wanda ba a sa shi cikin lissafin nan ba, shi ne mutumin da ya taso daga ƙauye tun asuba don a sa masa hannu a takarda. Ya iske kujera ba kowa, an ce da shi, "Ya ɗan fita, yanzu zai dawo." Shi ma ko ruwa bai sa a bakinsa ba, kuma ba ya iya barin layi ya je rumfar, kada mai kujera ya dawo a bayan idonsa.