Batirin zuciya ba ya tsoron wutar gida

Akwai maganar da ta ishe ni ji daga Cirozerin har Arlit da Akokan: wai wanda aka sa wa batir a zuciya ya rabu da wutar lantarki har abada. Da zarar mutum ya dawo daga Yamai da ɗinki a saman ƙirjinsa, sai 'yan dubiya su rikiɗe su zama likitoci. Wannan ta ce a fitar da talabijin daga ɗakin Baba, wancan ya ce kada ya kuskura ya taɓa firji, wani kuma ya karɓe masa waya. A garin da SONICHAR ke ƙona gawayin Anu Araren tana ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta, ina za a kai shi ya tsira?

Na'urar ba ta kai akwatin ashana ba. Ana sa ta ƙarƙashin fata, da siririyar waya ɗaya ko biyu da ke bi ta jijiya zuwa zuciya. In bugun ya yi nawa, sai ta zabure shi. Iyakar aikinta ke nan.

To a ji da kyau: fanka, firji, dutsen guga, rediyo, keken ɗinki mai wuta, duk ba ruwansu da ita matuƙar lafiyarsu lau. An ƙera ta ne don mutanen da ke kwana suna tashi cikin kayan lantarki. Mutum na farko da aka dasa wa ita, Arne Larsson, a birnin Stockholm ne a 1958. An canza masa na'ura fiye da ashirin, ya rayu har 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi. Ba a ɗaki mai duhu ya yi waɗannan shekarun ba.

Masu cewa ƙurar yuraniyom za ta kashe batirin su ma sun ɓata. Ƙurar tana da nata sharrin ga huhu da ruwan sha, wannan magana ce daban, amma ba ta tsayar da na'urar. Abin mamaki ma, a 1970 an dasa wa mutum a Faransa wadda ke aiki da fulutoniyom. Na yanzu litiyom suke amfani da shi, suna kai shekara 7 zuwa 12, kuma ba sa mutuwa farat ɗaya. Likita yana gane batir ya fara rauni tun da sauran watanni.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ɓarnar da wannan "kulawa" ke yi. An yi wa magidanci aiki don ya daina jiri da suma ya koma kasuwa, ku kuma kun zaunar da shi a tabarma kuna yi masa kallon gawa. Wayar da kuka ƙwace, da ita zai kira ku ranar da ya ji ba daidai ba. Ku ji tsoron Allah.

Inda hankali ya kamata ya tafi, can ne ba a kula. Wayar salula ba haram ba ce, amma ba ta zama a aljihun ƙirjin riga, inda dattawanmu suka saba cusa ta tare da carbi. A bar tazarar santimita 15, a amsa kira da kunnen ɗaya ɓangaren. Maganaɗisu mai ƙarfi, injin walda da manyan janareto su ne abin kiyayewa, don haka mai walda ko ma'aikacin tashar wuta ya gaya wa likitansa ainihin aikinsa kafin ya koma. A mako huɗu zuwa shida na farko kada a ɗaga hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa, kada a ɗauki jarkar ruwa ko a ja guga, don wayar da ke zuwa zuciya ta kama jikinta. Kada kuma a naɗe hannun gaba ɗaya, kafaɗa za ta sandare. Salla ana yi, a dai bi a hankali.

Ciwon ɗinkin fa? Da zafinmu da ƙurarmu, a tsare shi a bushe da tsabta. Ba ƙaho, ba tsaga, ba shafa garin magani a wurin, kome ƙaiƙayin da yake yi. In ya kumbura, ya yi ja, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko suma ta dawo, asibiti za a nufa a ranar.

Katin na'urar da aka ba mai batirin ya zauna a jikinsa kullum, ya nuna a filin jirgi da kuma kafin kowane hoton asibiti, musamman MRI. Ranar komawa awo kuwa, na san Yamai da nisa, kuɗin mota ma ba wasa ba. Dangin da ke da bakin hana shi kallon talabijin, su fara tara masa kuɗin tafiyar tun yanzu.