Laifi tudu ne: yarfe da fuska biyu a yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa

A watan Fabrairun 1995, faraminista Hama Amadou ya kafa gwamnati, aka miƙa ma'aikatar harkokin waje ga wani matashin malamin falsafa mai suna Bazoum Mohamed. Sama da shekara guda ya yi yana magana da yawun Nijar a ƙasashen duniya. Shekaru 25 bayan nan, da Bazoum ya tsaya takarar shugaban ƙasa a inuwar PNDS Tarayya, maganar da ta fi yawo a bakin ƴan adawa, har da ɓangaren Hama, ita ce wai shi ba ɗan ƙasa ba ne.

Tsarin mulkin 2010 ya ce sai ɗan Nijar na asali zai nemi kujerar. Wasu ƴan takara sun shigar da ƙara kan takardar shaidar ƙasarsa, kotun tsarin mulki ta yi watsi da ita. Zuwa kotu haƙƙinsu ne. Abin da ya faru a wajen kotu shi ne ɓarnar. A fada wajen shan shayi, a tashar ƴan kabu-kabu, a saƙonnin murya na WhatsApp, gardamar takarda ta rikiɗe ta koma ta launin fata da ƙabila, a kan mutumin da aka haifa a jihar Diffa, ya tashi a Tesker cikin jihar Damagaram.

Yau aboki, gobe ɓarawo

Masu mulki ma ba su wanke ba. A zagaye na biyu na zaɓen 2011, goyon bayan Hama ne ya taimaka wa Mahamadou Issoufou ya kada Seini Oumarou, aka saka masa da shugabancin majalisar dokoki. Lokacin nan, a bakin ƴan Tarayya, Hama dattijo ne mai kishin ƙasa. A watan Agustan 2013 suka raba gari. Shekara guda bayan haka sai ga shari'ar safarar jarirai daga Najeriya. Hama ya fice zuwa Faransa, ya dawo a Nuwamban 2015, aka kama shi a filin jirgin saman Yamai. Daga gidan kason Filingué ya yi takarar 2016, ya zo na biyu. Gwamnati ta ce aikin shari'a ne, magoya bayansa suka ce bi ta da ƙulli ne. Ko wane ne mai gaskiya, waɗanda suka yi masa kirari a 2011 su ne suka mayar da zancen jarirai abin zolaya a 2016.

Shi ma Hama, gab da zagayen farko na 2011, yana cikin ƙawance da MNSD Nasara da CDS Rahama. Da sakamako ya fito ya koma wajen Issoufou. Seini Oumarou kuwa da shi aka ƙaurace wa zagaye na biyu na 2016, aka ce zaɓen ba halastacce ba ne. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyarsa ta shiga gwamnati, shi kuma ya zama babban wakilin shugaban ƙasa. A 2021 ya mara wa Bazoum baya, ya hau kujerar shugaban majalisa.

Ƙawance ba laifi ba ne. Inda ake zuwa zagaye na biyu, dole na uku da na huɗu su zaɓi gefe. Munafuncin yana cikin kalaman da ake yi kafin ƙawancen. Idan mutum ɓarawo ne a watan Janairu, me ya wanke shi a Maris? Ko dai zargin ƙarya ne tun farko, ko kuwa gaskiya ne aka sayar da shi a kan kujera. Ba a taɓa komawa wajen taron mitin an gaya wa talakawa wanne ne ba.

Abin da zagi ya rufe

Yarfe ya fi manufa arha. Bayanin yadda za a gyara makarantun zana ko a biya malaman kwantaragi a kan lokaci yana buƙatar lissafi, kuma alkawari ne da za a iya tuhumar mutum da shi gobe. Ƙazafi kuwa saƙon minti ɗaya ya ishe shi, ba sa hannu, ba shaida.

Ga abin da ƙasa ke ciki a lokacin. A tsakiyar Disamban 2020, ana cikin yaƙin neman zaɓe, mahara suka afka wa Toumour a jihar Diffa, suka kashe mutane fiye da 20. Ranar 2 ga Janairun 2021, kwana shida bayan zagayen farko, aka kashe kimanin mutum 100 a Tchoma Bangou da Zaroumdareye a jihar Tillabéri. Ranar zagaye na biyu, 21 ga Fabrairu, nakiya ta hallaka ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI bakwai. A shekarar ta 2020 ne kuma bincike ya bankaɗo badaƙalar miliyoyin dubbai na CFA a cinikin makamai na ma'aikatar tsaro. Nan ne ƴan adawa ke da tambaya mai nauyi, nan ne masu mulki ke da amsar da ya kamata su bayar. Surutun asali ya sauƙaƙa wa kowa: mai tambaya bai sha wahalar kawo hujja ba, mai amsa ya samu mafaka.

Wa ya biya?

Da CENI ta bayyana cewa Bazoum ya samu sama da kashi 55 cikin 100 a kan Mahamane Ousmane, tarzoma ta ɓarke a Yamai da wasu garuruwa. Gwamnati ta ce mutum biyu sun mutu, an kama sama da 400. An katse intanet na wayar hannu kimanin kwana goma, an cinna wuta a gidan ɗan jarida Moussa Kaka. An tsare Hama bisa zargin ingiza rikicin, bayan kusan wata biyu aka ba shi damar fita Faransa neman magani. Yawancin waɗanda aka kwashe a kan titi matasa ne da ba wanda ya san sunansu sai iyayensu.

Ƴan Nijar mazauna waje ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ba, saboda ba a yi musu rajista ba a lokacin annobar korona, kujerunsu biyar na majalisa suka zauna ba kowa. An hana su akwati, amma saƙonnin ɓatanci sun iske su har Kwatano da Akara da Abijan. Na Abijan kuwa sun san inda irin wannan magana ke kai ƙasa. An hana Alassane Ouattara takara a 2000 kan zancen asali, alhali ya riƙe faraminista daga 1990 zuwa 1993. Yaƙi ya ɓarke a 2002. A 2010, Henri Konan Bédié, wanda a zamaninsa akidar ta yi ƙarfi, shi ne ya umurci magoya bayansa su zaɓi Ouattara. Manya sun shirya, waɗanda suka mutu ba su dawo ba.

Yau fagen ya watse. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Hama Amadou ya rasu a Oktoban 2024, an rusa jam'iyyun siyasa a Maris 2025. Sai dai rusa jam'iyya ba ya rusa hali. Duk ranar da aka sake buga gangar zaɓe, saƙon farko zai shigo wayar wani matashi a Maraɗi ko Tawa, da muryar da bai sani ba, ana gaya masa wane ba ɗan ƙasa ba ne, wane kuma ɓarawo ne. Tarihin shekaru 30 ya ba shi dalilin tsayawa kafin ya tura wa wani: mai zagin da wanda ake zagin sun taɓa cin tuwo a kwano ɗaya, kuma ba mamaki su sake.